Faɗa-wuta Mai Ƙoƙon Kai: Ɓarawon Zuma Ne, Amma Ba Shi Ya Kashe Tumatir Ba

Duk mutumin Bauchi da ya taɓa noman gauta ko tumatir a bayan gari, ko ta wajen Bayara ne, ko Miri, ko Inkil, ko kuwa can gefen madatsar ruwa ta Gubi, mai yiwuwa ne ya taɓa cin karo da wata ƙatuwar tsutsa mai kaurin babban yatsa, tsawonta kuwa ya ɗara na yatsan tsakiya. Wata koriya ce shar, wata rawaya, da zane-zane a karkace a haƙarƙarinta, da wani ɗan ƙaho lanƙwasasshe a gindi. Abin da a kan yi mata sananne ne, watau a kaɗo ta ƙasa a take ta da ƙafa. In kuwa mai gonar yana da 'yan kuɗi a aljihu, kashegari sai ya shiga kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ya sayo maganin feshi ya bi gonar kaf.

Haka kuma wanda ya saba aikin dare, ko maigadi ne ko mai shayi, a Bauchi ko a nan Kurmi, mai yiwuwa ya taɓa ganin wani ƙaton faɗa-wuta ya zo ya bugi fitila ya faɗi tim, da aka haska shi sai ga wani zane a doronsa kamar ƙoƙon kan mutum, da aka taɓa shi da tsinke kuma sai ya yi ƙara kamar ɓera. Mai ƙarfin hali ya kan sa takalmi, mai camfi kuwa ya kwana yana tunanin gida. Mutane ƙalilan ne suka san cewa waccan tsutsa ta cikin gauta da wannan ƙwaro na gindin fitila abu guda ne, ita ce ke zama shi, shi kuma ke haifar ta.

Sanin haka ba don hira kaɗai ba ne. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan ko Shagamu ko Fatakwal, da guminsu a ke noma gonar gida. Su ke aika kuɗin taki da na magani, wasu ma sun baro amya a kan ɗorawa a hannun ƙane. To, ya kamata mai aika kuɗi ya san wane ƙwaro ne ya cancanci a kashe masa naira, wane ne kuma ba ya bukatar kome sai ido da hannu.

KAMANNINSA

Faɗa-wuta ɗan'uwan malam-buɗe-littafi ne, sai dai shi da dare ya ke yawo. A cikin masu yawon daren akwai wani gida na ƙarfafa, masu jiki kamar harsashi da dogayen fukafukai masu tsini, waɗanda gudunsu ya fi na sauran. Masana sun ƙidaya fiye da iri 1,400 na wannan gida a duniya, Turawan Ingila kuwa da shaho su ke kwatanta su saboda irin tashinsu. Mai ƙoƙon kai yana cikin manyansu. In ya buɗe fukafukai, faɗinsa ya kan kai inci 4 zuwa 5, watau santimita 10 zuwa 13, kamar tafin hannun yaro. Nauyinsa ya kan kai giram 3 ko ɗan fiye, wanda a wurin ƙwaro mai tashi ba ƙaramin abu ba ne.

Fukafukansa na gaba baƙi-baƙi ne da dabbare-dabbare na ruwan ƙasa, sak ɓawon itace. In ya lafe a jikin kaɗanya ko tsamiya da rana ya rufe jikinsa da su, sai mutum ya dafa itacen bai gan shi ba. Adon yana ɓoye a ciki. Fukafukan baya rawaya ne kamar garin ɗorawa, da baƙaƙen layuka biyu a gicciye, cikinsa kuma zobe-zobe ne na rawaya da baƙi, da wani layi shuɗi-shuɗi da ya bi tsakiya daga sama har ƙasa. In an tsokane shi sai ya buɗe ya nuna wannan rawaya da baƙi, launin zirnaƙo da rina, ko mai son cinsa zai ja da baya. Barazana ce kurum. Ba shi da ƙari, ba shi da dafi, bakinsa ma ba na cizo ba ne.

Zanen da ya jawo masa baƙin jini yana kan doro, tsakanin fukafukai. Gashi ne mai laushi, fari-fari ko rawaya-rawaya, da ɗigo biyu baƙaƙe a inda idanu za su kasance. Idon ɗan Adam kuwa gwani ne wajen ganin fuska a inda babu ita, ko a gajimare ko a jikin bango. Wani in ya duba ƙoƙon kai zai gani, wani kuma ya ce ai fuskar biri ce.

Turawa ma ba su tsira daga camfin ba, hasali ma sun fi kowa zurfi a ciki. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya fara rubuta ƙwaron a littafin ilmi a 1758, ya sa masa atropos, sunan wata gunkiya ta tatsuniyoyin Girkawa wadda suka ce ita ke yanke zaren rai. A 1809, shekarar da Malam Yakubu ya kafa garin Bauchi, wani Bajamushe mai suna Laspeyres ya ƙara masa Acherontia, daga sunan wani kogi da Girkawan suka ce yana ƙasar matattu. Shi ya sa har yau sunansa a wurin masana Acherontia atropos. Yana da 'yan'uwa biyu a ƙasashen Asiya, su ma sunayen nasu duk na mutuwa ne. Tun a ƙarni na 18 wani masani Bafaranshe, Réaumur, ya ba da labarin yadda mutanen wani yanki na Faransa suka firgita da suka ga ƙwaron ya yi yawa a shekarar da cuta ta faɗo musu, suka ɗora masa alhaki. A 1991 kuma masu wani shahararren fim na ban tsoro a Amurka suka buga hoton irinsa a takardar talla, tsoron ya sake sabunta.

Ƙarar da ya ke yi ita ma abin lura ce, don ba irin ta gyare ba ce mai goga fukafukai. Shi ta baki ya ke yi. Ya kan zuƙi iska ta maƙogwaro, wani ɗan marfi da ke ciki ya yi ta karkarwa, sa'an nan ya hurar da ita waje da ɗan fito. Wani malami a Jami'ar Jena ta Jamus, Gunnar Brehm, da abokan aikinsa sun ɗauki hoton cikin kansa da na'urar asibiti, suka bayyana yadda abin ya ke a 2015. In ana son kwatance na gida, zugazugin maƙeri ne a ƙanƙance, iska ta shiga ta fita.

DAGA ƘWAI ZUWA FIFFIKE

Macen ba ta zuba ƙwai a tare kamar yadda wasu ƙwari ke yi. Ɗai-ɗai ta ke bi tana liƙawa, yawanci a ƙarƙashin ganye, nan ɗaya can ɗaya. Ƙwan bai kai ƙwayar gero ba, launinsa kore-kore. Wannan hali nata shi ne dalilin da ya sa ba a cika ganin tsutsar a rundunce ba, sai ɗaya a wannan gindi, wata a wancan.

Ganyen da ta fi so na dangin gauta ne: gauta da yalo da tumatir da dankalin turawa da taba, da na daji irin su gautan kura da zaƙami. Ba ta tsaya nan ba, an same ta a kan riɗi da wasu itatuwan ado na gidaje. Abin mamaki shi ne zaƙami, wanda kowa ya san yadda ya ke juya kan saurayi in tsautsayi ya kai shi, tsutsar nan cin sa ta ke yi safe da yamma ba abin da ya same ta.

Bayan kamar mako guda ƙwan ya kan fashe. 'Yar tsutsar da ke fitowa ba ta fi tsawon ƙwayar shinkafa ba, abin da ta kan fara ci kuwa shi ne ɓawon ƙwan nata. Daga nan ba ta da wani aiki a duniya sai ci. Fatarta ba ta girma tare da ita, saboda haka in ta cika sai ta yi shiru kwana ɗaya ko biyu, fatar ta tsage ta fito da sabuwa, kamar yadda maciji ke saɓa. Sau huɗu ta ke yin haka a kan ganye, watau hawa biyar ke nan. A hawa na ƙarshe ne ta ke zama ƙatuwar da manoma suka sani, tsawon inci 5, kuma yawancin ganyen da za ta ci a rayuwarta a wannan makon na ƙarshe ta ke cinye shi. Duka zaman tsutsa bai fi mako uku zuwa biyar ba, gwargwadon zafi da abinci.

Launi uku ta ke zuwa da shi. Akwai koriya, akwai rawaya, su biyun da layuka bakwai a kowane gefe, shuɗi da shunayya, waɗanda ke haɗuwa a gadon baya kamar aikin aska a wuyan riga. Akwai kuma mai ruwan ƙasa da fari-fari a wuya, wadda in ba an sani ba sai a ce wata halitta ce dabam, alhali uwa ɗaya na iya haifar duka ukun. Ƙahon gindin nan da yara ke gudu, mai ƙurji-ƙurji da lanƙwasa a baki, nama ne kurum, ba ya harbi. Kada kuma a haɗa ta da gizaka, don ita ba ta da gashi, ba ta sa ƙaiƙayi. Iyakar faɗanta, in an dame ta, ta ƙyasta haƙora ta yi ɗan ƙas-ƙas, ta juyo ta mintsini yatsa.

In ta ƙoshi sai ta daina ci, launinta ya dushe, ta sauko ƙasa ta kama yawo. A wannan lokaci ne a kan gan ta tana ƙetare hanya ko tsakar gida, nesa da kowane ganye. Wuri mai laushi ta ke nema. In ta samu sai ta nutse kamar taƙi ɗaya ko fiye, santimita 15 zuwa 40, ta murza jikinta ta yi wa kanta ɗan ɗaki mai santsi kamar girman ƙwan kaza. A can ciki ta ke tuɓe fatar ƙarshe ta zama wani kwanso ja-ja mai sheƙi, kamar ƙaton dabino, tsawon inci 3. Mai kaftu ko mai haƙar dankali ya kan tono shi, in ya taɓa sai ya ga gindin yana motsi. Ba ya ci ba ya sha, amma a cikin wannan kwanso a ke rushe jikin tsutsa a gina na mai fiffike, ido da ƙafafu da kome. Aikin ya kan ɗauki wata guda ko wata da rabi, in da sanyi ya fi haka.

Ran fitowa, yawanci da almuru, kwanson ya kan tsage, ƙwaron ya kutso ta cikin ƙasa da fukafukai a cukurkuɗe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Sai ya hau kara ko dutse ya rataye, ya tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fukafukan har su miƙe su bushe. In aka taɓa shi a wannan sa'a, ko ya rasa abin hawa, ya nakasa ke nan har ya mutu. Bayan duk wannan wahala, zamansa da fiffike 'yan makonni ne. A ciki zai nemi abinci, namiji ya bi ƙanshin mace cikin duhu, ita kuma ta bi ƙanshin ganye.

ME YA SA BAUCHI TA KARƁE SHI

Ƙwaron ɗan Afirka ne, ana samun sa daga bakin Bahar Rum har Afirka ta Kudu, da Kurmi da Arewa duka. Bukatunsa huɗu ne: ganyen dangin gauta, ƙasa mai laushi, ɗumi, da zuma. Ƙasar Bauchi kuwa ta haɗa su. Garin yana kan tudu mai tsayin wajen mita 600 daga bakin teku, ruwan sama ya kan kai milimita 1,000 ko ɗan fiye a shekara, daga wajen watan Mayu zuwa farkon Oktoba. Da damina ga gauta da tumatir a gonaki, ga zaƙami a kan juji da kangaye har cikin gari. Da rani ga lambuna a fadamu. In aka hau yamma ta Toro zuwa Jos kuma, ga ƙasar dankalin turawa. A inda ganye bai yanke ba, zuriya na bin zuriya cikin shekara, amma an fi ganin sa daga tsakiyar damina zuwa kaka.

Zuwansa gindin fitila ba son wuta ba ne, duk da sunan da Hausawa suka ba danginsa. Wani bincike da masana daga Landan da Amurka suka fitar a watan Janairu na 2024 ya nuna cewa ƙwari masu tashi da dare su kan juya bayansu ga inda ya fi haske, don tun fil azal sama ce ta fi ƙasa haske, da haka su ke sanin sama da ƙasa. In suka iso kusa da ƙwan lantarki sai su ɗauke shi a matsayin sama, su yi ta kewaya shi har su gaji su faɗi. Ke nan wanda ya faɗo gaban maigadi ba saƙo ya kawo ba, kansa ne ya juye.

YADDA YA KE SHIGA AMYA

Yawancin 'yan gidansu da furanni su ke rayuwa, suna da dogon harshe kamar zare wanda su ke naɗewa a ƙarƙashin kai. Shi kuwa nasa gajere ne mai kauri da tsini, bai dace da fure mai zurfi ba. Abin da ya dace da shi shi ne huda murfin kakin da ƙudan zuma ke rufe saƙarsu da shi.

Kowa ya san faɗan ƙudan zuman ƙasar nan. Ya kan kashe jaki a turke, ya watsa kasuwa. Amma wannan ƙwaro da tsakar dare ya kan sauka a bakin amya, ya ture masu gadi, ya kutsa ciki, ya bi saƙa yana huda yana sha, bayan ɗan lokaci ya fito abinsa. Da can an ɗauka ƙarar nan tasa ce ke yi musu kama da muryar sarauniyarsu su yi tsit. A 1991 wasu masana uku, Moritz da Kirchner da Crewe, suka gano wani dalili mai ƙarfi. Ƙudan zuma a cikin duhun amya ba da ido su ke gane ɗan gida ba, da ƙanshi ne. Jikin ƙwaron kuwa yana ɗauke da wasu irin maiƙo guda huɗu iri ɗaya da na jikinsu. Watau ɓarawon ya shigo ne da rigar masu gida. Ban da haka fatarsa tana da kauri, gashi ya rufe ta, yana kuma jure dafinsu fiye da yawancin ƙwari.

Ba kullum a ke kwana a gado ba. Wani ya kan sha har ciki ya kumbura ƙofar ta gagare shi fita, wani kuma asirinsa ya tonu su taru su kashe shi. Da ya ke ya fi ƙarfin su ja shi waje, sai su cire abin da za su iya, su shafe sauran da irin ƙaron da su ke tattarowa a jikin itatuwa don kada ya yi wari. Mai ɗiban zuma da ya taɓa samun wani baƙin ƙwarangwal mai fukafukai liƙe a cikin amya, to shi ya gani.

Tambayar mai amya ita ce, nawa ne asarar? Gaskiya abin da cikin ƙwaro guda zai ɗauka bai taka kara ya karya ba in aka gwada da abin da amya mai ƙarfi ke tarawa. Sai in sun yi yawa a shekara, amyar kuma ba ta da jama'a, sa'an nan abin ya kan dame ta. Maganin kuwa ƙudan zuman da kansu suka nuna shi. Wani masanin zuma na ƙasar Suwizalan, François Huber, wanda makaho ne, da idon mataimakansa ya ke nazari, ya ba da labarin yadda ƙwaron ya addabi masu amya a yankinsu a 1804, da yadda ƙudan zuman suka gina katanga ta kaki da ƙaro a bakin ƙofa, suka bar 'yan kafofin da su kaɗai za su wuce. Abin da mai amya zai yi ke nan. Ko ta ciyawa ce da aka shafe da kashin shanu, ko tukunya, ko akwatin katako na zamani, a rage ƙofar ta koma 'yan huji masu kaurin fensir, a kuma toshe duk wata tsaga. Ƙudan zuma zai wuce, mai ƙoƙon kai ba zai iya ba. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Wanda ya kamata mai amya ya ji tsoro wani ne dabam, wani ƙaramin asu mai ruwan toka wanda ba mai kallon sa sau biyu. Shi ƙwai ya ke sakawa a ciki, tsutsotsinsa su ci kakin kansa, su saƙa yana a ko'ina, har ƙudan zuman su yi fushi su tashi su bar amyar. Shi ma amya mai rauni da mai tsaga ya ke samu. Sai kuma ɗiban zuma da wuta tsirara, wanda a dare ɗaya ya kan hallaka abin da ɓarawon zuma ɗari ba za su taɓa ba.

ANA ZATON WUTA A MAƘERA

Haka zancen ya ke a gonar tumatir. 'Yan gwari na kasuwar Mil 12 a Legas ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tumatir ya yi tsadar da ba a saba gani ba, har masu abinci suka koma na gwangwani. Gonaki sun ƙone ƙurmus a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya tsayar da aiki don rashin abin niƙa. Wanda ya yi wannan aika-aika shi ma faɗa-wuta ne, amma tsawonsa bai wuce milimita 7 ba, ƙwayar shinkafa ta fi shi. Masana na ce masa Tuta absoluta, manoma suka sa masa Sharon. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, ya shiga Sifen a 2006, ya bi ta arewacin Afirka har ya iso nan. Macensa guda na iya saka ƙwai fiye da 200, tsutsar kuma a cikin naman ganye da cikin 'ya'yan ta ke ɓuya, inda feshi ba ya kai mata sosai.

In aka ajiye wannan kusa da ƙatuwar tsutsar mai ƙoƙon kai, sai a ga bambanci. Ita a fili ta ke, ɗai-ɗai ce, ganye ta ke ci. Tana iya tsige reshe ko gindi guda tas, in shukar ƙarama ce ta ji jiki, amma ba a san ta da share gona ba. Neman ta ma da sauƙi. A duba ƙasa da sassafe, in an ga kashinta baƙi mai tsaga-tsaga, kamar girman ƙwayar masara, to a ɗaga kai, tana nan a reshen da ke sama. Yaro guda da ƙwarya zai tsince na lambu duka kafin rana ta yi zafi. Wanda ba ya son kisa ya kai su kan zaƙamin bakin juji. Sayen kwalbar magani don ita, almubazzaranci ne.

Ba ma asarar kuɗin kaɗai ba. Feshin da aka yi ba bisa bukata ba ya kan kashe wasu ƙudaje da ƙananan zanzaro waɗanda ke saka ƙwai a jikin tsutsotsi su cinye su ta ciki, watau 'yan doka na kyauta da ke gonar. Ya kan kashe ƙudan zuman da ke amyar bakin gona. Ya kan kuma kashe sauran 'yan gidan su mai ƙoƙon kai, masu dogon harshe, waɗanda aikinsu da yawa ba a sani ba. Kowa ya san akwai namijin gwanda da ba ya 'ya'ya, akwai mace. Wa ke kai garin furen namiji wurin mace? A ƙasar Kenya, Dino Martins da Steven Johnson sun zauna gindin gwanda da almuru suna ƙidaya, suka fitar da sakamako a 2009 cewa waɗannan faɗa-wuta masu dogon harshe ne ke yin aikin. Ɗaya daga cikinsu, mai ruwan toka da zobe-zobe ja da baƙi a ciki, wanda harshensa ya fi jikinsa tsawo, tsutsarsa ce ke cin ganyen dankalin Hausa. Ita kam wani lokaci ta kan yi yawa har ta yi ɓarna, amma ita ma in an farga da wuri hannu ya ishe ta.

SHI MA ƊAN CI-RANI NE

Akwai wani hali nasa da zai yi wa mazauna Kurmi kama da nasu. Kowace shekara, in sanyin Turai ya wuce wajen watan Mayu da Yuni, waɗanda ke arewacin Afirka su kan ƙetare Bahar Rum su shiga Italiya da Faransa da Jamus, wasu har Ingila. Can su ke samun gonakin dankalin turawa su saka ƙwai. Amma ƙasar ba ta zama ba ce, don kwanson da hunturun arewacin Turai ya riska a cikin ƙasa mutuwa ya ke yi. Saboda haka da kaka sai a juyo kudu. Sai dai wanda ya tafi ba shi ke komowa ba, kwanansa bai kai ba. 'Ya'yan da aka haifa a can, waɗanda ba su taɓa ganin Afirka ba, su ke kama hanyar gida, ba jagora ba tambaya.

An daɗe ana zaton iska ce kurum ke kwasar irin waɗannan ƙwari ta zubar inda ta ga dama. Wasu masana na Cibiyar Max Planck da ke garin Konstanz a kudancin Jamus, Myles Menz da Martin Wikelski da abokansu, suka ce sai sun gani da ido. Suka yi kiwon tsutsotsin har suka yi fiffike, suka liƙa wa kowane wata 'yar na'urar rediyo mai nauyin kashi ɗaya cikin biyar na giram, suka sake su bayan faɗuwar rana, suka bi su da ƙaramin jirgin sama cikin duhu. Guda 14 suka samu bi, aka buga sakamakon a watan Agusta na 2022. Ƙwarin sun miƙe ɗoɗar kamar an ja musu zare, sun nufi kudu wajen duwatsun Alps, suna gudun kilomita 30 da 'yan kai cikin awa. In iska na bayansu sai su hau sama su bar ta ta tura su. In ta zo ta gaba ko ta gefe sai su sauko ƙasa-ƙasa su ƙara wuta, su karkata jiki don kada ta kauce da su. An bi wasu har kilomita 80 cikin awa huɗu na dare guda, watau fiye da rabin tafiyar Bauchi zuwa Jos.